Idan Mota ta Faɗi a Bakin Gonarka

Duk wanda ya taso a ƙauyukan arewacin Kano ya san wannan ƙarar. Kana duƙe kana noma, ko kana zaune a gindin darbejiya ana hira, sai ka ji taya ta yi kuka a kan kwalta, wani "garam" ya biyo baya, a yi tsit na ɗan lokaci, sannan salati ya tashi. A yankin nan babu dajin da mota za ta faɗi ba a gani ba. Ka bi hanyar Katsina daga Dawanau ka ratsa Bichi zuwa Tsanyawa, ko ka bi ta Dambatta mai wucewa Kazaure da Daura, gona ce jingine da gona, gida yana kallon gida. Kafin mai kaki ya iso, mutanen gari sun riga sun cika wurin. Ke nan wanda zai fara taɓa mai rauni ba likita ba ne, kai ne, da fartanya a kafaɗa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma tsakanin masu shekara 5 zuwa 29 babu abin da ya kai shi kisa. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, ba dukansu ke cikawa a lokacin karon ba. Wasu numfashi ne ke toshe musu, wasu jini ne ke ƙarewa, wasu kuma ɗaukar da aka yi musu ce ta ƙarasa su. Rashin tausayi ba shi ne matsalarmu ba. Mu kan yi aikin alheri ne a hargitse, na ƙarshe ya zama na farko. To bari mu bi shi daki-daki.

Idan yaro ya faɗa rijiya, ba ka bin sa da tsalle, sai ka nemi igiya. Haka wurin hatsari. Kafin ka taɓa kowa, tsaya ka dubi titi, domin motar da ke tafe ba ta san abin da ya faru ba, balle idan kwana ce, ko dare ne, ko hazon hunturu ya rufe. Tura samari biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, kowa ya yi tafiyar taki ɗari ko fiye, su riƙa ɗaga hannu ko haska fitilar waya, su jera ganye a kan kwalta kamar yadda aka saba. A kashe injin motar da ta faɗi, a zare makulli, a tare taya da dutse. Mai taba a hannu ya kashe ta. Idan mota ta doki turken lantarki waya ta zubo a kanta, kada wanda ya taɓa jikin motar.

Idan kuwa tankar mai ce ta kife, aikinka guda ne: ka kori mutane nesa, kai ma ka yi nesa. A watan Oktoban 2024, a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, tanka ta faɗi da dare, mutane suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasar fetur, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Ba faɗuwar tankar ce ta kashe su ba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana kwanciya a kwalbati da rami, ba ka ganinsa, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Yanzu wurin ya natsu, sai neman taimako. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988 marubucin nan Wole Soyinka ya fara shugabantarta, tana da lambar kira kyauta, 122. Akwai kuma 112, lambar gaggawa ta ƙasa baki ɗaya. Idan an ɗauka kada ka ce "a nan wajenmu ne." Faɗi hanyar, faɗi garin da aka baro da wanda ake dosa, faɗi alamar da baƙo zai gane, gidan mai ne ko makarantar firamare ko gada, sannan adadin masu rauni da ko akwai wuta. Tun da sabis kan yi gardama a ƙauye, tura wani a babur zuwa ofishin 'yan sanda ko asibiti mafi kusa, kada a zuba wa waya ido ita kaɗai.

Ka lura da wani hali na taro. Idan ka ce "wani ya kira waya," kowa zai ɗauka wani ya kira. Nuna mutum da yatsa: "Kai mai jar hula, kira 122. Kai Malam, riƙe min kan nan." Ko a gayya, sai da mai raba kunya aiki ke tafiya. Masu ɗaga waya suna ɗaukar bidiyo kuma a tsawata musu. Mutumin da ke kwance, suturarsa ta yage, yana da mutunci, a rufa masa asiri da mayafi. Kuma bai dace uwa ta fara ganin gawar ɗanta a Facebook ba.

To wa za ka fara dubawa? Zuciya za ta ja ka wurin mai ihu. Tambayi ungozoma: jaririn da ya faɗo yana tsala kuka ba ya tayar mata da hankali, wanda ya faɗo shiru shi take rugawa kansa. Mai ihu yana numfashi, ƙwaƙwalwarsa na aiki. Wanda ya yi shiru shi ne abin tsoro. Durƙusa kusa da shi, kira shi, taɓa kafaɗarsa ba tare da jijjiga ba. Kai kuncinka bakin hancinsa, idonka a kan ƙirjinsa, ka ga ko yana ɗagawa. Idan mutum ya suma, naman jikinsa kan saki, har da harshe, sai harshen ya koma baya ya rufe maƙogwaro kamar yadda asabari ke sauka ya rufe ƙofar ɗaki. Wannan minsharin da kake ji ba barci ba ne, iska ce ke kokawar wucewa. Ƙwaƙwalwa kuwa mintuna kaɗan take jure rashin iska. Sa yatsunka a bayan muƙamuƙinsa ta ɓangarorin biyu ka turo shi gaba a hankali, harshen zai biyo, hanya ta buɗe. Idan akwai goro ko karyayyen haƙori da kake gani a baki, cire. Idan yana amai ko jini na taruwa a bakinsa, a juya shi ya kwanta a gefe don ya zubo waje, amma irin juyin da zan bayyana maka nan gaba. Wanda numfashinsa ya tsaya cak, sai ka ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirjinsa ka riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ana karɓar ka idan ka gaji.

Jini mai tsartuwa ba ya jiran ka gama wancan, sai wani ya kama shi a lokaci guda. Jinin da ke jikin babban mutum kimanin lita biyar ne, wato galan ɗaya da ɗan ɗori. Ka ga ba wani abin barin ya tsiyaya ba ne. Maganinsa kuwa yana jikinka: rawani, mayafi, zane, ko riga mai tsabta. Ninke, ɗora a kan ciwon, danna da nauyinka. Idan da leda a kusa, zura hannunka ciki don kare kanka daga cutar da jini ke ɗauka. Sai haƙuri, minti goma ba ɗagawa. Wanda ya taɓa ban ruwa a Watari ya san idan bakin kwami ya ɓalle ka liƙe da laka, in ka yi ta buɗewa kana leƙe ruwa zai sake wanke liƙin. Jini ma yana gina nasa liƙin, kowace ɗagawa rushe shi take. In ƙyallen ya jiƙe kada ka cire, ƙara wani a kai. In ƙarfe ko gilashi ya nutse a jiki kada ka zare, domin a lokacin shi ne marfin da ya toshe ramin. Tallafe shi da tsumma ta gefe da gefe.

Ƙasa, toka, kashin shanu, man birki, duk na san ana zubawa, kuma duk cuta suke ƙarawa, musamman titanos mai sandarar da jiki, wanda ƙwayarsa a ƙasa da kashin dabbobi take zaune. Idan hannu ko ƙafa ce ta yi mummunan rauni, dannawa ta gaza, akwai ɗauri na ƙarshe. A sami ƙyalle mai faɗi, a ɗaure sama da ciwon ba a kan gaɓa ba, a zura ɗan itace a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin da aka ɗaura, kada a kwance sai a hannun likita. Ban da waya, ban da igiya siririya, yanka nama suke.

Mun zo inda aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Ɗauki karan dawa ka duba. Gaɓa-gaɓa ne, waje da tauri, ciki da laushi. Ƙashin bayan mutum haka yake, daga ƙeya har kwankwaso, kuma a cikinsa laka take, wadda ke kai saƙon ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa da mafitsara. Iska kan tsaga kara ya ci gaba da tsayuwa, zangarniyarsa ta nuna lafiya lau in ba a taɓa shi ba. Ka lanƙwasa shi sau ɗaya, ya gama. Sau da yawa hatsari yakan tsaga ƙashin wuya ko na baya, amma lakar tana nan ba ta tsinke ba. Sai mu zo, biyu su kama hannu, biyu su kama ƙafa, kai yana reto, gadon baya ya lanƙwashe kamar buhun da bai cika ba. Ƙashi yana ɗoruwa. Laka in ta tsinke ba ta ɗoruwa. Mutumin da zai warke ya koma gona, sai ya ƙare rayuwarsa a kwance, ana cewa motar ce.

Saboda haka duk wanda mota ta yi jifa da shi, ko ya suma, ko yake kukan wuya ko baya, ko ya ce ƙafarsa ta mutu ko yana jin kamar kiyashi na bin ta, ɗauke shi a matsayin mai tsagaggen kara. In yana cikin mota, yana numfashi, babu wuta babu ruwa, bar shi a nan, wani ya shiga ta baya ya tallafi kansa da tafuka biyu, yana yi masa magana. Ɗan babur mai hular kwano a bar masa ita, sai in ta hana shi numfashi. In kuwa dole a ɗaga, a nemi abu shimfiɗaɗɗe mai tauri: ƙyauren ƙofa, benci, faffaɗan katako. Mutum huɗu ake so. Ɗaya ya riƙe kai, shi ne kuma mai ba da umarni, ba wanda zai motsa sai ya ce. Ukun su jeru a gefe ɗaya, kafaɗa, kwankwaso, ƙafafu. A mirgino shi gaba ɗaya kamar gungumen itace, hanci da cibiya suna kallon wuri guda, a tura katakon ƙarƙashinsa, a mayar da shi. A naɗe zane a tare kan ta dama da hagu, a ɗaure shi da katakon. Yana cin minti biyar, i. Sauri kuwa ya kan haifi nawa.

Ga wata mai wuyar karɓa, domin ta saɓa wa tarbiyyarmu. Mu ruwa shi ne farkon alheri, baƙo ma da shi ake tarbarsa. Amma mai mummunan rauni kada ka ba shi ruwa, ko da yana roƙo. A maƙogwaro hanya biyu ce, ta ciki da ta huhu, da ɗan marfi mai rufe ta huhu idan za a haɗiya. Wanda hankalinsa ya gushe marfinsa ba ya rufuwa daidai, sai ruwan ya bi ta huhu. Sannan in za a yi masa tiyata, likita na son ciki wayam, kada ya yi amai a cikin barcin allura. Jiƙa tsumma ka shafa masa a leɓe, ya isa. Sheƙa wa sumamme bokitin ruwa ma a bari. Wanda ya zubar da jini jikinsa sanyi yake yi, jini kuma ba ya daskarewa da kyau a jiki mai sanyi. A yi masa inuwa, a lulluɓe shi, ko da rana ake. Ƙuna ce kaɗai ke son ruwa: a kwarara mai tsabta a kan wurin kamar minti ashirin, ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja, ban da man goge baki.

Wannan ƙishirwa ma tana da abin da take faɗa. Ka san randar da ta tsage a gindi: sama lafiya, ruwa na raguwa, ba ka ga inda yake bi ba. Saifa ko hanta kan fashe a ciki ba ɗigon jini a waje. Ƙashin cinya in ya karye, sama da lita guda na iya taruwa a cikin cinyar. Alamunsa su ne gumi mai sanyi, bugun zuciya da sauri-sauri, cikin fatar ido ya yi fari, ƙishirwa, ciki ya yi tauri, mutum ya riƙa rikicewa. Irin wannan yakan tashi da ƙafarsa ya ce "ni ba abin da ya same ni, ku duba wasu." Kada ka biye masa.

A gaskiya a ƙauye sau da yawa ku ne za ku kai mutum asibiti. A-kori-kura ko bas da za a shimfiɗe shi a ciki ta fi babur da Adaidaita nesa ba kusa ba, domin zaunar da mai karyayyen baya tsakanin mutum biyu a kan babur rushe duk aikin da kuka yi ne. Karyayyar ƙafa a tallafe ta da kara ko katako yadda aka same ta, ba ja ba miƙarwa. Direba ya tafi a hankali. A fara da babban asibiti mafi kusa, irin na Bichi ko na Dambatta, a tsayar da jini a sa ruwa, su za su tura ku Asibitin Murtala, ko na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Ƙashi na Dala in abin ya fi ƙarfinsu. A tafi da 'yan uwa masu lafiya, domin za a iya neman jini. Mutane kan ji tsoron a ce sai da takardar 'yan sanda, ko a riƙe wanda ya kawo mai rauni. Ka sani Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba. In an yi maka gardama, faɗi wannan cikin ladabi, ka nemi ganin babba.

Ban raina masu ɗori ba, gado ne, kuma sun ɗora mutane da yawa sun miƙe. Amma mai ɗori ba ya ganin cikin nama. A fara ɗaukar hoto tukuna. Karayar da ƙashi ya huda fata, ko ta ƙugu, ko ta baya, ba ta gida ba ce. In kuma an yi ɗauri ka ga yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, sun fara baƙi, ciwo na ƙaruwa, jini ne ba ya isa wurin. A sassauta a nufi asibiti a daren, kada garin neman gira a rasa ido. Yara da dama sun rasa hannu a kan karayar da ba ta kai ta kawo ba.

Idan kai ne direban fa? Tsaya, ka taimaka. In ka ga taro ya harzuƙa ranka na cikin haɗari, tafi kai tsaye ofishin 'yan sanda mafi kusa, ko ƙofar gidan dagaci, ka ce ga abin da ya faru. Wannan daban yake da gudu. Ɓoye hatsari laifi ne na kansa a doka. Ku kuma mutanen gari, na san zafin ganin an buge yaro a hanyar makaranta. Amma duk mintin da aka ɓata ana dukan direba, daga rabon yaron aka cire shi. Motar da aka ƙona ita ce shaidar, mai ita ne kuma zai biya magani, ga alhakin rai ko dukiya da zai koma kanku. Dattijo guda da ya tsaya gaban direba ya ce "a bar wa hukuma" yakan kashe wutar.

Bayan an kwashe masu rauni, nan ne wayar hoto ke da amfani. A ɗauki yadda motocin suka tsaya kafin a janye su, da lambobinsu, da sawun birki a kan kwalta. A rubuta sunayen waɗanda suka gani da idonsu. Kayan fasinja amana ne, balle ranar kasuwa da mutum ke ɗauke da kuɗin sa ko na buhunan hatsi a aljihu. A tara komai hannun mutum biyu da gari ya yarda da su, a ƙirga a rubuta, a miƙa wa hukuma ko mai unguwa. In motar haya ce daga tasha, 'yan ƙungiyar direbobi za su taimaka wajen gano inda ta taso da dangin mutane.

Takardar inshora da direbobi ke ɗauka kamar ta nuna wa ɗan sanda ce kawai, ranar nan aka yi ta domin ta. Daga Janairun 2023 kuɗin inshorar dole ta motar gida ya koma naira 15,000 a shekara, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3, tana kuma ɗaukar abin da ya shafi rauni ko rasa rai. Sai dai ta jabu ta yi yawa, kuma ba ta biyan ko sisi. Ana iya danna *565*11# a waya a sa lambar mota a ga ko ta gaske ce. A sanar da kamfanin da wuri, a nemi rahoton 'yan sanda, a adana kowane rasit na asibiti da na kantin magani.

Yawancin maganganun nan a zaure suke ƙarewa, gaban mai unguwa ko dagaci, kuma sulhu abu ne mai kyau. Shawarata ita ce kada a yi gaggawar cewa "mun yafe" a ranar, kafin a san zurfin raunin. Ciwon da aka zaci na mako guda ne yakan ci kuɗin amfanin gona na shekara. Abin da aka amince a kai a rubuta, shaidu su sa hannu. In rai ya salwanta, hukuncin kisan kuskure, da diyya da kaffara, yana cikin Suratun Nisa'i aya ta 92, sai a koma ga malamai da alƙali. Yafiya haƙƙin magada ce, ba ta maƙwabta masu jin kunyar baƙo ba, kuma rabon marayu ba abin da baffa zai kyautar don a yabe shi ba ne.

Wanda aka sallamo gida, ko wanda ya ƙi zuwa asibiti, a sa masa ido kwana biyu, musamman in ya bugu a ka. Jini kan taru a hankali a cikin ƙoƙon kai, mutum ya farfaɗo ya yi hira ya ci tuwo, cikin dare ya zarce. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ke wuyar tashi, magana a karkace, ruwa ko jini daga kunne ko hanci, ko ɗaya aka gani a koma asibiti, ba sai gari ya waye ba. Yaron da ya riƙa firgita a barci ko ya ƙi shiga mota a bi shi a hankali, in abin ya daɗe a gaya wa likita.

Kafin a watse daga bakin titi kuma, a tura samarin nan biyu su koma inda suka tsaya. Ganyen da aka jera, da duwatsun da aka tare taya da su, da fasasshen gilashi, duk a kwashe a zubar can gefe, in mai ya zube a kan kwalta a watsa masa yashi. Bayan magariba 'yan babur za su biyo hanyar nan daga kasuwa, wasunsu ba fitila.